Yamai: masu kwana a ƙarƙashin hanyar jirage

A unguwannin Talladje da Aéroport, cikin gunduma ta huɗu ta birnin Yamai, hira a fada takan tsaya ba tare da wani ya ce a yi shiru ba. Jirgi ne ya taso. Mai shayi ya ci gaba da fifita gawayinsa, mai magana da ɗan'uwansa na Libiya ko Faransa ta WhatsApp ya dakata, sai ƙarar ta wuce a ɗora daga inda aka tsaya.

Da rana ana iya jurewa. Da dare ne abin ke ciwo.

Filin jirgin sama na Diori Hamani yana kudu maso gabashin birnin, kan hanyar Doso. Da can bayan gari ne, yau gari ya cim masa. An sabunta shi a 2019 don taron ƙolin Tarayyar Afirka, kuma a gefensa sansanin sojan sama na 101 yake, wanda sojojin Faransa suka bari a 2023, na Amurka a 2024. Titin jiragen ya miƙe ne daga gabas zuwa yamma. Tunda jirgi yana fuskantar iska wajen tashi da sauka, lokacin hunturu yakan sauko ta yamma, ta saman gidaje. Da damina, in iska ta juya, ta can yake tashi da dukkan ƙarfin injinsa. Wasu jiragen ƙasashen waje kuwa tsakar dare ko goshin asuba suke zuwa.

Mazauna da yawa za su ce sun saba. Kunne na sabawa, jiki bai cika sabawa ba. Ƙarar dare tana katse barci mai nauyi ko da mutum bai farka ba, bincike a Turai kuma ya alaƙanta ta da hawan jini. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada matsakaicin ƙarar jirage da dare ya wuce desibel 40. Yara ma abin na taɓa su. Da aka sauya wa filin jirgin Munik na Jamus wuri a 1992, masu bincike sun bi ɗalibai: na kusa da tsohon filin karatunsu ya gyaru, na kusa da sabon ya ja baya.

Turawa sun nemi magani. A filin jirgin Firankfot an hana zirga-zirgar jirage daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na safe. Faransa tana karɓar haraji daga kamfanonin jirage don a sa wa maƙwabtan manyan filaye tagogi masu tare ƙara. Amma wace taga ce za ta kare wanda ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida? A Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta ke ɗaukewa, iyalai da dama a waje suke kwana. Wanda ya shiga ɗaki, kwanon rufi ne kawai tsakaninsa da sama. Hana jiragen dare ma ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ba ta da teku, wadda ƴaƴanta na waje da maniyyatanta ta wannan ƙofa suke bi.

Abin da ya rage a hannu shi ne ƙasa. Tun 2001 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta sa tsarin filaye cikin hanyoyi huɗu na rage matsalar: a auna ƙara, a zana taswira, a hana gina makaranta ko asibiti inda ta fi tsanani. Wannan aikin masu yanka filaye ne da magajin gari, kuma kafin a zuba harsashi ake yinsa.

Ga ɗan ci-rani da ke turo kuɗi a saya masa fegi a wannan ɓangaren, hoton da dillali zai aiko ba ya ɗauke da ƙara. Kafin a biya, ya sa ƙaninsa ya je ya kwana biyu a unguwar, a tsakar gida.