Shin ya kamata burauza ta riƙa toshe masu bin diddigi tun daga farko?

Matashi a Haɗejiya ya duba farashin injin ban-ruwa a wayarsa don noman shinkafa na rani a fadama. Washegari ya buɗe shafin labaran ƙwallo, sai ga tallan injin yana jiransa. Ba tsafi ba ne, bin diddigi ne.

Shafuka da yawa suna ɗauke da ƙananan manhajojin kamfanonin talla, waɗanda ke ajiye wata alama a burauza da ake kira kukis. Da ita suke gane wayar a duk shafin da suke ciki, har su tattara bayanin abin da mai wayar ke nema. Loda waɗannan manhajoji kuma yana cin data, wadda ta ƙara tsada bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025.

Firefox ta fara toshe irin waɗannan kukis kai tsaye ga kowa a Satumban 2019, Safari kuma ta rufe kukis na wasu kamfanoni gaba ɗaya a Maris 2020. Google ya yi alkawarin cire su daga Chrome a 2020, amma ya janye a Yulin 2024. Chrome kuwa ita ce ke zuwa a yawancin wayoyin Tecno, Infinix da itel.

Masu goyon bayan toshewa suna cewa mutane kaɗan ne ke taɓa saitin waya, don haka yadda burauza ta zo haka take zama. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ce shirun mutum ba amincewa ba ne. Masu adawa kuwa suna cewa da kuɗin talla shafukan kyauta ke rayuwa, kuma toshewa takan hana wasu shafuka aiki daidai.

Sai dai toshe diddigi bai hana talla ba. Shafin noma zai iya tallata taki ba tare da sanin inda mai karatu ya shiga jiya ba. Shi ya sa hujjar toshewa ta fi ƙarfi: wanda ke son a bi shi ya buɗe da kansa.

Kafin nan, mai amfani da Chrome zai iya shiga Settings, ya nemo Third-party cookies, ya toshe su, ko ya koma Firefox ko Brave.