Karatun Kwamfuta A Jami'a: Lissafi Ne Ginshiƙinsa

Kowace shekara idan lokacin neman shiga jami'a ya zo, samari da 'yan mata da dama a Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni sukan sa ilmin kwamfuta a zaɓinsu na fari. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, gama kasuwar waya ta Farm Centre tana kusa da su, suna ganin yadda masu gyaran waya da kwamfuta ke samun rufin asiri. Amma da yawansu, har da iyayen da za su biya kuɗin makaranta, suna zaton irin wannan aiki ne za a koyar a jami'a. Wannan zato shi ne yakan rikitar da ɗalibi tun zangon farko.

Ainihin abin da ake koyarwa shi ne yadda za a tsara matakan warware matsala, ɗaya bayan ɗaya, har na'ura ta iya bin su ba kuskure. Irin wannan tsari ana kiransa algoridim, kalmar kuwa ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, masanin lissafin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9. Ga misali. A ce akawu yana neman fayil guda cikin fayiloli 1,000 waɗanda aka jera bisa tsarin abacada. In ya bi su ɗaya-ɗaya, mai yiwuwa sai ya duba dukansu. Amma in ya fara daga tsakiya, ya ajiye rabin da sunan ba zai kasance a ciki ba, ya sāke raba ragowar biyu, to ba zai wuce dubawa 10 ba. Gano irin wannan dabara, da tabbatar da ita ta hanyar lissafi, shi ne aikin ɗalibin wannan fanni.

Saboda haka ne ake bukatar kiredit biyar daga sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks, ban da jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, wadda kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta. Karatun digiri shekara huɗu ne, a Jami'ar Bayero, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1977, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta soma aiki a 2001. Shekarar farko yawancinta lissafi ne da fiziks da Turanci, sai ɗan gabatarwa kan kwamfuta. A nan ɗalibi zai koyi cewa na'urar ba ta san kome ba sai sifiri da ɗaya, watau 13 a wurinta 1101 ne. Lalle kada a raina wannan shekara, domin makinta yana shiga jimillar da za a yanke darajar digiri da ita, kuma mai son daraja ta ɗaya sai ya kai 4.50 cikin 5.00.

Daga nan sai rubuta umarni ga na'ura da harsuna irin su C da Java da Python. Harsunan nan suna canzawa da zamani: FORTRAN ya fito a 1957, Python kuwa a 1991. Abin da ba ya canzawa shi ne tsarin tunanin da ke ƙarƙashinsu. Sabon shiga ya sani cewa ɗigo guda in ya ɓata yakan hana aikin yini guda tafiya, kuma neman kuskure da haƙuri shi ne rabin sana'ar. Wanda ya saba kwafar aikin abokinsa, ko ya sa manhaja ta rubuta masa, asirinsa zai tonu ranar jarrabawa, inda sau da yawa da alƙalami da takarda ake rubuta umarnin.

Har wa yau akwai zuwa koyon aiki a ma'aikatu, a ƙarƙashin shirin SIWES, sa'an nan a shekarar ƙarshe kowa ya gabatar da aikin bincikensa gaban malamai. Ya kamata kuma a lura, sabon manhajan da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a 2022 ya bambanta ilmin kwamfuta da ƙera manhaja da tsaron intanet da nazarin bayanai, kowanne da digirinsa. Sai mai nema ya karanta sunan kwas da kyau kafin ya cike takarda.

Wanda bai taɓa mallakar kwamfuta ba kada ya karaya, muddin lissafinsa na da ƙarfi, gama sarrafa na'urar ba ya ɗaukar dogon lokaci. Iyaye kuwa, in hali bai kai ga sayen sabuwa ba, ta hannu mai riƙe caji ta wadatar, musamman saboda ɗaukewar wutar lantarki. Amma kafin a kai ga wannan, watannin da yaro yake zaman jiran sakamako gara ya ƙarar da su kan littafinsa na aljabara.