Wasan hoki: me ya sa ƙungiya ke biya don a raba ta da ɗan wasanta?

A ƙwallon ƙafa, ƙungiyar da ke son ɗan wasa ita ke zuba kuɗi. Amma a gasar NHL ta wasan hoki na kan ƙanƙara, wadda ta haɗa ƙungiyoyi 32 na Amurka da Kanada, wani lokaci mai ɗan wasan ne ke ƙara gyara don a ɗauke masa shi.

Dalili shi ne iyakar albashi. Tun shekarar 2005, bayan rikicin da ya sa aka soke kakar 2004-2005 baki ɗaya, aka ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya ƴan wasanta. Da dala miliyan 39 aka fara, a kakar 2024-2025 ta kai miliyan 88. Komai arzikin mai ƙungiya, ba ya ƙetare ta. Ba a kuma sayar da ɗan wasa da tsabar kuɗi, musanya ake yi.

Abin musanyar sau da yawa shi ne damar zaɓen matasa. Kowace shekara ƙungiyoyin na zaɓar sabbin ƴan wasa bi da bi, cikin zagaye 7. Damar zagayen farko ta fi daraja, domin doka ta taƙaita albashin matashi a shekarunsa na farko: in an dace, an samu gwani da araha.

A watan Yunin 2019 ƙungiyar Toronto Maple Leafs ta shiga matsi. Tana son sabunta yarjejeniyar matashinta Mitch Marner, ga kuma Patrick Marleau, mai shekara 39, yana cin dala miliyan 6.25 daga cikin iyakar. Sai ta miƙa shi ga Carolina Hurricanes, ta haɗa da damarta ta zagayen farko. Carolina ta biya Marleau ta sallame shi bai buga mata ko wasa ɗaya ba. A 2020 ta yi amfani da damar, wadda ta faɗo lamba ta 13, ta ɗauki Seth Jarvis. A kakar 2023-2024 ya ci mata ƙwallo 33.

Toronto ta riƙe Marner, ta samu sararin shekara ɗaya. Carolina ta ɗauki nauyin shekara ɗaya, ta samu ɗan wasan da ya zama jigonta. Lissafin ke nan da ke gaban shugabannin ƙungiyoyi: mai neman kofi bana yakan sayar da gobensa, mai haƙuri kuma shi ke saye.