Sig Ruman: Ɗan Wasan da Ake Hayarsa Don Ya Sha Kunya

Ba kowane ɗan fim ake ba jarumta ba. Wani aikinsa ya shigo na 'yan mintoci, kafin ya buɗe baki mai kallo ya gane ko wane irin mutum ne. Da wannan sana'a Sig Ruman ya ci abinci a Hollywood sama da shekara 30, cikin finafinai fiye da 100.

A Hambug ta Jamus aka haife shi a 1884. Ya yi soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ƙaura Amurka a 1924, ya fara da wasan dandamali a Niyok. Jarinsa ƙaton jiki ne, da idanu masu zazzarowa, da Turanci mai nauyin harshen Jamusanci. Wannan harshen da wani zai ɓoye, shi da shi ya yi kasuwa.

Abin da ya fi iyawa shi ne cika da batsewa. Zai fito a babban mutum mai ji da kansa, ya kumbura iya kumbura, domin in aka yarfa shi dariyar ta yi armashi. 'Yan barkwancin nan Marx Brothers sau 3 suna yin fim da shi, farawa da A Night at the Opera a 1935.

A ganina gwanintarsa ta fi fitowa a To Be or Not to Be na Ernst Lubitsch, 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya fito a Kanar Ehrhardt, jami'in Nazi a Warso: mugu, amma matsoraci. Yana ba da labarin ba'a kan Hitila, yana ƙyaƙyata dariya, sai ya lura baƙonsa bai dara ba. Nan take fuskar ta mutu, ido ya raina fata. Duk kwaɓar da ya yi kuwa, sai ya daka wa mataimakinsa tsawa. Bajamushe ne yake tsiraita azzaluman ƙasarsa, kuma hakan ba ƙaramin abu ba ne a wancan lokaci.

A Stalag 17 na Billy Wilder, 1953, ya zama Saje Schulz, mai gadin fursunonin yaƙi. Kullum da fara'a yake shiga ɗakinsu, yana wasa da dariya, alhali yana karɓar saƙon ɗan leƙen asiri a cikin ɗan darar ces da aka raraƙe cikinsa. Wilder ya sake kiransa a The Fortune Cookie a 1966. Shekara ɗaya bayan haka ya rasu a Kalifoniya.