Kwamfuta Za Ta Iya Fitar da Sabon Aikin Riga?

Mai sayen babbar riga a kasuwar Babura ko ta Kazaure ba sai an gaya masa wace ce aska biyu, wace ce aska takwas ba. Daga nesa yake gane tsinayen nan da ke gangarowa ta wajen aljihu, da tambarin da ke ɗaya ɓangaren ƙirji. Maɗinkin hannu ba ya duba littafi kafin ya dasa su. Ya san inda kowace aska ke farawa, ya san tsawon da idan ta wuce shi maigida zai ce aikin ya ɓaci, amma duk da wannan ƙa'ida rigunansa biyu ba sa fitowa iri ɗaya sak.

Irin wannan sani ne masu binciken ƙirƙira da kwamfuta suka fi shekara hamsin suna ƙoƙarin rubutawa yadda na'ura za ta yi aiki da shi. A 1971, George Stiny da James Gips suka gabatar da abin da suka kira nahawun siffofi: a ba kwamfuta siffa ɗaya da 'yan dokoki, misali duk inda aka ga murabba'i a ɗora masa ƙarami a karkace, sai ta yi ta haifar da zane-zanen da ba wanda ya zana su, amma duk 'yan gida ɗaya ne. A waɗancan shekarun ne kuma Harold Cohen, mai zane ɗan Ingila da ke koyarwa a San Diego, ya fara rubuta manhajarsa AARON, wadda ya ci gaba da renonta har rasuwarsa a 2016.

Abin bai tsaya ga ado ba. A 2006 hukumar NASA ta Amurka ta harba taurarin ɗan'adam na ST5 ɗauke da eriyar da kwamfuta ta ƙago. An gaya mata aikin da ake so eriyar ta yi, ta gwada siffofi bila adadin, tana zubar da marasa kyau tana gauraya masu kyau. Abin da ya fito kamar wayar da yaro ya lanƙwasa yana wasa, amma ya yi aikin.

Wajen koyarwa, misalin da ya fi kusa da mu na Ron Eglash ne, marubucin African Fractals na 1999. Shi da abokan aikinsa sun haɗa manhajar da ɗalibi ke koyon lissafi ta hanyar kitso. Yaro zai zaɓi sau nawa za a maimaita saƙar, da digirin da za ta riƙa juyawa, da yadda za ta riƙa ƙanƙancewa, sai jeren kitso ya bayyana a fuskar kwamfuta. Ya canza lamba ɗaya, salon ya canza. Makitsiya ta daɗe da sanin wannan a yatsunta.

Yankin Kazaure ba baƙon kwamfuta ba ne. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa makarantar Informatics a garin, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, sannan a 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Ɗalibin da ke neman aikin kammala karatu a nan yana da abin bincike a ƙofar gida: aikin riga, zanen hula, dagi, adon bangon soro. Manhajojin zamani irin su Midjourney, da ta fito a 2022, daga hotunan intanet suke koyo, kuma kayanmu ba su cika yawa a can ba. Wanda zai koya wa na'ura aska takwas dole ya zauna gaban maɗinki da ma'auni, ya tambaye shi dalilin kowane layi.

Nan ne kuma rigimar take. Kekunan surfani masu kwamfuta sun riga sun shiga shagunan teloli a Kano, suna gama a sa'o'i aikin da hannu ke kwashe makonni a kai. Idan aka kwashe ƙa'idar maɗinki aka zuba a manhaja, na wa ne sabon zanen da ta fitar, kuma wa zai karɓi kuɗinsa? Ya kamata malamin da zai tura ɗalibi wurin masu sana'a ya daidaita wannan da su kafin a fara ɗaukar hoto.