Kurni: Binne mamaci ba shi da tsada, zaman makoki ne ke cinye rumbu

A garin Kurni da ƙauyukan da ke kewaye da shi, idan mutum ya cika da asuba, da wuya azahar ta yi ba a kai shi makwancinsa ba. Kafin labari ya gama zaga gari, samari sun ɗauki diga da shebur sun nufi maƙabarta, an aiki yaro sayen farin yadi, mata sun ɗora ruwan wanka da ganyen magarya. Liman ya ja sallah a ƙofar gida, a ɗauki makara, a rufe, a dawo.

Duk wannan hidima kan ƙare cikin 'yan sa'o'i, kuma kuɗin da take ci bai taka kara ya karya ba. Amma daga lokacin da aka shimfiɗa tabarmin karɓar gaisuwa, wani lissafin ke farawa, wanda kan bi iyalan mamaci har watanni bayan baƙi sun watse.

Kurni ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Kance, wadda Matamaye ne babban garinta, a kudu maso yammacin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, dab da iyakar Nijeriya. Yanki ne mai cunkoson jama'a, inda gonaki suka yi ta raguwa saboda rabon gado, kuma hatsin da gidaje da yawa ke nomawa ba ya kai su wata damina. A irin wannan wuri, kowace tiya da aka fitar daga rumbu tana da ranar da za a neme ta.

Abin da addini ya wajabta

Haƙƙin mamaci Musulmi a kan rayayyu guda huɗu ne: wanka, sutura, sallah da binnewa. Malamai na kiran su farillar kifaya, wato idan wasu suka yi, sun ɗauke wa saura, idan kuma kowa ya ƙi, laifin na kan gari baki ɗaya. Wannan ne ya sa a ƙauyukan Kurni haƙa kabari da ɗaukar makara aikin gayya ne da ake yi don neman lada, kuma ba a sayen wurin binnewa.

Abin da ake fitar wa kuɗi shi ne likkafani, sai sabulu da turare. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi rinjaye a ƙasar Hausa, an so a yi suturar da adadin mara, uku ko biyar ko bakwai, amma ko ƙyalle ɗaya ya wadatar idan babu hali. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) da kansa cikin fararen tufafi uku na auduga aka yi masa sutura.

Tsofaffi da dama kan tanadi likkafaninsu tun suna raye, su adana a ƙasan akwati, don kada su bar wa 'ya'ya ɗawainiya. Wanda bai bar komai ba kuwa, dangi ko maƙwabta ko jama'ar masallaci ke haɗa masa.

Sai itacen da ake jerawa a bakin kabari kafin a sa ciyawa da laka. A da daji ake shiga a saro. Yanzu dajin ya zama gonaki, kuma itatuwan gawo da manoman Matamaye da Magariya da Mirya suka yi suna wajen rainonsu a cikin gonaki suna da masu su, ga kuma dokar jami'an gandun daji. Don haka wanda ba shi da itace a gonarsa sai ya roƙa ko ya saya.

A shari'a, daga dukiyar mamaci ake cire kuɗin wannan hidima, sannan a biya bashi, a zartar da wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sai a raba gado. Abincin masu gaisuwa ba ya cikin wannan jeri.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Idan aka kwatanta da sauran duniya, jana'izar Bahaushe na cikin mafiya sauƙi. A Turai da Amurka kamfanoni ne ke gudanar da harkar, inda ake biyan kuɗin akwati da na ajiyar gawa da na mota da na filin kabari. Tsadar na cikin dalilan da suka sa mutane da yawa suka koma ƙona gawa, wanda ya fi binnewa araha. A Amurka fiye da rabin waɗanda suka mutu ƙona su ake yi, a Birtaniya kusan kashi 80 cikin 100, a Japan kuwa fiye da kashi 99 cikin 100. Ga mabiya addinin Hindu a Indiya, ƙonawar ibada ce.

Ga Musulmi babu wannan zaɓi, komai tsananin rashi, domin addini ya haramta. Lokacin da gwamnatin Sri Lanka ta tilasta ƙona gawarwakin waɗanda cutar korona ta kashe a 2020, Musulmin ƙasar sun yi ta kokawa har aka janye dokar a watan Fabrairun 2021, kuma a watan Yulin 2024 gwamnati ta nemi afuwa.

A kudancin Nijeriya ma, inda ake ajiye gawa a asibiti na tsawon watanni ana tara kuɗin biki, sai da jihar Anambra ta kafa doka a 2019 don taƙaita almubazzaranci a wajen jana'iza.

Kurni ba ta san akwatin gawa ko kamfanin jana'iza ba. Tata tsadar ta wata ƙofa take shigowa.

Inda kuɗin ke tafiya

Da zarar an dawo daga maƙabarta, maza kan zauna a ƙofar gida, mata a ciki. Dangi na zuwa daga ƙauyukan Tsauni da Yawuri da Dungu da Ɗan Barto, wasu daga Daura da Mai'aduwa da Kano, domin iyakar ƙasa ba ta raba zumunci ba. Wanda ya zo daga nesa sai ya kwana, kuma baƙo ba ya kwana da yunwa a gidan Bahaushe.

Ana dama fura da kunu, ana tuƙa tuwo, ana dafa shinkafa da wake. Ranar uku a yi sadaka, ranar bakwai a sake, ranar arba'in a kuma taruwa. A kowane zama akan raba gumba ko waina ko ƙosai, da goro da dabino, a kuma ba malaman da suka yi addu'a ko saukar Alƙur'ani abin da ya sauwaƙa. Idan mamacin babba ne, wani gidan sai an yanka akuya ko tunkiya.

Lissafin ba shi da wuya. Buhun hatsi mai kilo 100 tiya 40 ne. Gidan da ke cin tiya biyu a yini, buhu ɗaya zai kai shi kwana 20. Idan zaman makoki ya cinye buhun cikin mako guda, abincin kusan mako uku ke nan ya fita daga bakin marayu.

Abin da ke ƙara dagula al'amarin shi ne lokaci. Tsakanin watan Yuli da Satumba, kafin sabon hatsi ya iso gida, rumbuna sun yi ƙasa, farashi a kasuwa ya hau, kuma a lokacin ne zazzaɓin cizon sauro ke tsananta. Sau da yawa rasuwa kan zo ne bayan jinya ta riga ta cinye abin hannu. Idan kuma a asibitin Matamaye ko na Damagaram aka cika, sai an nemi motar da za ta dawo da gawa gida.

Mai gidan da ba shi da abin fitarwa yana da hanyoyi uku: ya sayar da dabba, ya ci bashin hatsi da zai biya da ƙari idan kaka ta yi, ko ya jinginar da gona. Awakin da aka fi saurin kaiwa kasuwa kuwa galibi na mata ne.

Gaskiya ne masu gaisuwa ba sa zuwa hannu rabbana. Wani ya kawo kwanon hatsi, wata ta kawo tuwo, wani ya miƙa 'yan kuɗi. Wannan gudummawa ce ke rufa wa gidaje da yawa asiri. Sai dai tana bin yawan jama'ar mutum da abin da shi ma ya saba kaiwa, don haka wanda ya fi buƙata shi ne kan sami mafi ƙaranci.

Naira da iyaka

Gidaje da yawa a yankin sun dogara ne da 'yan ci-rani da ke aiki a biranen Nijeriya, kuma idan aka yi rasuwa su ake fara kira a waya. A watan Mayun 2023 Nijeriya ta cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma ta saki darajar naira, wadda ta faɗi daga kusan 460 a kan dala ɗaya zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Abin da ɗan ci-rani ya aiko, idan aka canza shi zuwa sefa, sai ya zama ɗan kaɗan. Man 'yan ruwa-ruwa da motoci da baburan kan iyaka suka dogara da shi ma ya yi tsada.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar ECOWAS ya sa an rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024. A tsawon wannan lokaci, zuwa gaisuwar ɗan uwa a ƙetare ya koma bin hanyoyin daji da ƙarin kuɗin mota.

Makoki ba gawa

Akwai kuma waɗanda ba a dawo da su gida. Gundumar Kance ta yi suna wajen tafiyar mata da yara zuwa Aljeriya neman abin rufin asiri. A ƙarshen watan Oktoban 2013 aka gano gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33 da maza bakwai. Motocinsu ne suka lalace a kan hanyar Tamanrasset, ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu 'yan yankin Kance ne. A can cikin hamada aka binne su, gwamnati kuma ta ayyana zaman makoki na kwana uku a faɗin ƙasa.

Wanda ya rasu a Aljeriya ko Libiya ko Legas, 'yan uwansa matafiya ne ke haɗa kuɗi su yi masa sutura a can. Amma a gida sai an shimfiɗa tabarma, an yi uku da bakwai da arba'in, alhali wanda ake jira ya aiko da kuɗin abinci shi ne ya tafi, kuma wani lokaci bashin kuɗin motar da ya ci kafin tafiya yana nan.

Saɓanin malamai

Batun ya daɗe yana raba kan malamai. Ƙungiyar Izala, wadda Sheikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 kuma ta bazu zuwa Nijar, na ganin tarukan uku da bakwai da arba'in bidi'a ne da ba su da tushe. Malaman ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya kuwa na cewa addu'a da sadaka suna isa ga mamaci, kuma taruwa domin su alheri ne.

Amma akwai inda ɓangarorin biyu suka haɗu. Dukkansu na kawo labarin Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, wanda ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, inda Manzon Allah (SAW) ya umarci mutane su dafa wa iyalansa abinci saboda abin da ya same su. Ma'ana, maƙwabta ne ya kamata su ciyar da gidan mutuwa. Haka kuma babu saɓani cewa bai halatta a taɓa rabon maraya don yin sadaka ba.

Abin da ke hana mutane sassautawa, sau da yawa, tsoron bakin duniya ne. Ba wanda ke so a ce mahaifinsa ya rasu bai iya fitar masa da sadaka ba. Ga mace kuma, zaman makoki lokaci ne na ganin danginta da aure ya watsa, don haka rage shi ba ƙaramin abu ba ne a wurinta.

Duk da haka, akwai gidajen da ke tsayawa a kwana uku, wasu kuma su haɗe addu'ar uku da ta bakwai a rana ɗaya don baƙi su koma gonakinsu. Ƙungiyoyin asusun mata irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, kan ware wani ɗan kaso don taimakon wadda rashin lafiya ko rasuwa ta sama, abin da kan hana a sayar da akuya a farashin wulaƙanci.

Bayan an naɗe tabarmi

Ranar arba'in ke rufe hidimar jama'a, amma ba ta rufe ta matar mamaci. Takabarta wata huɗu ne da kwana goma, kuma a bisa al'ada ba ta zuwa kasuwa ko wata doguwar tafiya a tsawon lokacin, don haka 'yar sana'ar da take yi ta ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa kan ja baya. Idan mijin ya bar 'ya'ya, rabonta a gado kashi ɗaya ne cikin takwas, wanda za ta raba da abokan zamanta idan akwai.

Masu gaisuwa sun yi mata "ya haƙuri", ta amsa da "haƙuri sai ma'aiki", sun koma gidajensu. Abin da ya rage a rumbu shi ne zai nuna ko yaran za su kai kaka a gida, ko kuwa idan takaba ta ƙare ita ma za ta fara tambayar kuɗin motar Agadas.