Baragurbi da Gurgun Tsako: Injin Ƙyanƙyasa a Gidajen Avédji

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa bayan gidajen unguwar Avédji a nan birnin Lome, inda matasa da matan aure ke kafa ƙananan injinan ƙyanƙyasa a lungun ɗaki ko a baranda. Kukan kusan kowa iri ɗaya ne. An zuba ƙwai, an yi jiran kwana 21, aka buɗe inji sai ga baragurbi jibge. Waɗanda suka fito ɗin ma, wani ƙafafunsa sun baje, ɗaya gabas ɗaya yamma, yana ta iyo da ciki a kan faranti. Wani kuma yatsunsa sun dunƙule.

Abu na farko da akan ji shi ne, "Mai ƙwai ya cuce ni." Wata kuma ta ce ai baki ne, maƙwabta sun sa wa sana'ar ido. To, Hajiya, kafin a kai ga maƙwabta, a ɗauko baragurbin nan a fasa shi a waje, nesa da hancin yara. Labarin duk yana ciki.

Idan kin fasa kin ga gwaiduwa fes, ba ɗigon jini, galibi zakara bai yi aikinsa ba, a nan mai ƙwai yana da amsar bayarwa. Idan kin ga zoben jini, tsakon ya fara ya mutu tun makon farko, sai a tuhumi tsufan ƙwai, ko jijjigar hanya a bayan zemijan, wato babur ɗin haya, ko zafin inji. Wanda ya fi ciwo shi ne na uku: cikakken tsako da gashinsa da bakinsa, jiƙe sharkaf, ya mutu bai huda ɓawo ba. Wannan kam sau da yawa aikin danshi ne, kuma a nan mutanenmu na Lome ke yawan faɗawa rami.

Dalilin kuwa, yawancin bidiyon koyarwa da muke kallo a waya daga Kano ko Zariya ko Maraɗi ake ɗaukar su, inda hunturu kan busar da komai ƙayau, sai ka ji malamin yana ta nanata a cika tiren ruwa. Gaskiyarsa, a garinsu. Mu a bakin teku muke. Daga Afrilu zuwa Yuli iskar Lome da kanta a jiƙe take. Shi kuwa ƙwai dole ya yi asarar ruwa ta ƙofofin ɓawonsa, kusan kashi 12 cikin 100 na nauyinsa zuwa kwana na 18, don gurbin iskar da ke ɓangaren mai faɗi ya buɗe. Cikin wannan gurbi tsako ke fara cusa baki ya shaƙi numfashin farko. In gurbin ya tsuke, ruwa zai tarar. Abin da ake nema danshi kashi 50 zuwa 55 ne a kwana 18 na farko, sannan a ɗaga zuwa 65 ko 70 a ukun ƙarshe. Da damina a Avédji, mai yiwuwa cokali kaɗan na ruwa ya wadatar. A haska ƙwai da tocilan cikin duhu a kwana na 7, na 14 da na 18, a zagaye gurbin da fensir. In ba ya ƙaruwa, a rage ruwa.

Sai zafi. Digiri 37.5 zuwa 37.8 ake so a inji mai fanka. Amma lambar da ke walƙiya a goshin inji ba wahayi ba ce. A sayi ma'aunin zafin jiki a kantin magani, a kwantar da shi daidai tsayin ƙwai, a gwada kusurwa-kusurwa. Tsakin da suka fito tun kwana na 19 ko 20, ƙanana, cibiya ba ta rufe ba, ƙafafu ba ƙwari, zafi ne ya yi musu yawa. Masu jan ƙafa har kwana na 23, sanyi suka sha. Duk wanda ya ga ɗauke-ɗauken wutar da aka yi fama da shi a 2024 ya san inji ba batir ko sola caca ce. In wuta ta tafi, kar a buɗe, a lulluɓe da bargo a bar kafar iska. In ta dawo a yaye nan take, don ƙwai ya fi jure sanyin 'yan awoyi a kan turarar zafi.

Ba sai mun je Turai neman masana ba. A Jami'ar Lome akwai cibiyar nazarin kiwon kaji ta CERSA, wadda ta samu tallafin Bankin Duniya. Farfesa Kokou Tona, ɗan ƙasar nan, tun 2003 ya fitar da ma'aunin ingancin tsako da masana a ƙasashe da dama ke kira da sunansa: a duba kuzari, gashi, ido, cibiya da ƙafafu, a ba da maki. Cikin abin da aikinsa ya nuna har da illar daɗewar ƙwai a ajiye kafin a sa shi a inji. Kar ya wuce mako guda, a ajiye shi tsini ƙasa, a wuri mafi sanyi a gidan, ba kusa da murhu ba.

Mu dawo kan ƙafa. Tsakon da ya baje, sau da yawa lafiya lau ya fito, santsi ne ya kayar da shi. Farantin roba, leda, takardar jarida, duk ba sa ba farce wurin kamawa, ƙafa ta zame tun jijiya ba ta yi ƙwari ba. A shimfiɗa tsohon tawul ko buhun algarara tun kwana na 18, ranar da ake daina juya ƙwai. In abin ya riga ya faru, a yanko siririn filasta, a naɗa a ƙafa ɗaya ƙasa da gwiwa, a bar tazara daidai faɗin tsayuwar tsako, a naɗa a ɗayar. Kar a matse. Za ki ga yana tuntsurawa yana ciyo, ki tsayar da shi, ki tsoma masa baki a ruwa, ki kula kar ya faɗa cikin mazubin. Bayan kwana biyu ko uku a kwance a gani. Wanda aka kama a ranar farko yakan miƙe. Wanda aka bari ya yi mako, da wuya.

Dunƙulewar yatsu kuwa, in tsako ɗaya ne ko biyu, a miƙar da yatsun a kan guntun kwali a manne da filasta kamar takalmi. In kuwa da yawa ne, kuma zubi bayan zubi, bayan duba inji a je a ga abin da iyayen ke ci. Ƙarancin bitamin B2 na kawo wannan, ƙarancin sinadarin manganis kuma na sa jijiyar gwiwa ta goce, ƙafa ta karkace waje. Kazar da aka riƙe da dusa da ragowar tuwo za ta yi ƙwai, amma ba irin na ƙyanƙyasa ba. Ita gocewar jijiya ba ta cika jin filasta ba, sai a kai wa likitan dabbobi ya yanke hukunci.

Saura masu haɗa ƙwan zabi da na kaji a zubi ɗaya. Zabuwa kwana 26 zuwa 28 take ɗauka. Ranar da aka tsayar da juyi aka ƙara ruwa saboda kaji, na zabi yana da sauran mako guda yana buƙatar juyi. A sa na zabi tukuna, bayan kwana 7 a bi shi da na kaji, su fito tare.